Kwanon Da Jasuben Ta Mayar

Duk wanda ya taɓa kwana a lungunmu na tsohon garin Nadiad ya san ba zakara ke tashinmu ba, dutsen niƙan Jasuben ne. Gari na fara wayewa za ka ji shi yana gurnani. Shagona na gyaran keken ɗinki yana kallon ƙofarta, ɗakina kuma yana saman shagon, don haka na fi kowa shan wannan kiɗa. Na yi ƙorafi har bakina ya gaji. Na taɓa leƙowa ta taga na ce, "Jasuben, ga injin niƙa can a bakin titi, kowa can yake kai nasa. Ke kaɗai sai kin hana mu barci?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Dinkarbhai, injin da ya niƙa alkamar wancan da waken wancan, shi zan ba tambata? Koma ka kwanta. Da ma ba abin da kake tsinanawa da safen nan sai tari."

In ta gama niƙa sai ta yi wanka, ta canja sari, ta wanke hannu har gwiwa kamar mai shiga ɗakin tiyata. Sannan ta dafa ɗanyar ayaba da kabewa, ta yanka alayyafo, ta kwaɓa da garin tamba da citta da ruwan lemon tsami, ta mulmula, ta faffaɗa, ta jera a kasko. Burodin ma ita ke gasa abinta da garin shinkafa da dawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi iyaye sun fara tsayawa a ƙofarta. Ba ta karɓar mazubin kowa. A ganyen ayaba take naɗe kowace boga, ta miƙo ta saman dokin ƙofa, ta faɗi sunan mai ita. Wannan ta mai gudun alkama ce, wannan ta wanda madara ke kumbura masa ciki, wannan ta tsohon da sukari ya hana shi sakat.

Makon jiya dutsen ya yi shiru. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura sun lanƙwashe, likita ya ce ko ta ajiye aikin ko hannun ya ajiye ta. Na yi shekaru kusan ashirin ina fatan wannan shirun, da ya zo kuma sai na kasa barci. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba rubuta abin da ya wuce sunan mai keke ba.

Labarin ya faro ne daga 'yar ƙanwata, Rutvi. Uwarta Bhavna tana zaune tare da ni, domin mijinta aikin jirgin ruwa yake, sai a daɗe ba a gan shi ba. Ranar bikin sakin filfilo, irin na takarda da ake sakewa sama da zare, muna kan soro da rana tsaka, yarinyar tana 'yar shekara shida, wani ya miƙa mata alawar gyaɗa da riɗi. Kafin filfilona ya sauko leɓenta ya kumbura, numfashinta ya koma kamar usur. Ni na saɓa ta a kafaɗa na gangara da ita har asibiti. Ta sha, da ƙyar. Likita ya ce jikinta ba ya ɗaukar gyaɗa, ba ya ɗaukar riɗi, ba ya ɗaukar waken chana. Mu da muke soya komai da man gyaɗa, mu da rabin girkinmu garin chana ne! Bhavna, wadda ke kirana Bhai, wato yaya, ta zauna a bencin asibiti ta ce, "To me ya rage mata, Bhai? Ruwa?"

Mun yi iya ƙoƙarinmu, amma ba a raba mu da halinmu. A wajenmu baƙo ya ce ya ƙoshi ba magana ba ce, sai an ƙara masa, sai an rantse masa, sai an cusa masa a baki. Bayan 'yan watanni aka je suna gidan dangi, wata gwaggo mai ƙaunar Rutvi har zuci ta ce, "Ɗan kaɗan ne, ɗan kaɗan ba ya komai," ta sa mata gutsuren ƙosan garin chana a baki. Muka sake komawa asibiti a guje.

Daga wannan dawowar Rutvi ta rufe bakinta. Ba rigima, ba kuka. In an ajiye mata abinci sai ta zuba masa ido kamar maciji ne a faranti. Farar shinkafa kaɗai take yarda da ita, ita ma sai daga hannun uwarta, ita ma tana raguwa kullum. Awarwaronta ya fara zamewa har damtse. A makaranta ana cin abinci tana can gefe ta haɗa kai da gwiwa. Likita ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita an sa mata roba ta hanci. Na ga Bhavna tana kuka a bayan tulun ruwa don kada yarinyar ta ji.

A lokacin Jasuben ba kowa ba ce illa bazawarar da ke haɗa yaji da tsami tana ba masu shago. Abu ɗaya kowa ya san ta da shi, son gyaɗa. Kullum da ƙulli a bakin sarinta, tana tafe tana ɓarewa, in kana neman ta sai ka bi ɓawon. Wata rana da la'asar ta iske Rutvi zaune a dakalin shagona, ta tsuguna gabanta.

"Dikra, me kike so ki ci?" Haka muke kiran yaro in muna lallashi.

"Ba komai, Masi." Masi a wajenmu kamar a ce inna ne.

"A duk faɗin duniyar nan ba komai? Ƙarya kike. Ko kawunki Dinkar da ba shi da haƙora yana da abin da yake so."

Yarinyar ta ce a hankali, "Boga. Irin wadda 'yan ajinmu ke saya."

Jasuben ta juyo ta dube ni. "Mene ne kuma boga?"

Aka tura ni kasuwa na sayo ɗaya. Ba ta yarda an shiga da ita gidanta ba. A kan teburin shagona ta buɗe ta, ta ɗaga burodin da ɗan yatsa, ta shinshina, ta tsaga abin da ke ciki. Sai ta kwashe da dariya. "Af! Wainar dankali ce aka sa mata hula da takalmi, aka raɗa mata sunan Turawa. A kan wannan yarinya za ta rame?"

Washegari lungu ya ga abin mamaki. Jasuben ta fito da garwar man gyaɗarta ta ba da, ta fito da garin chana da riɗi ta rarrabar, ta kwance ƙullin bakin sarinta ta juye mini a tafi. Ta kira mai sassaƙa ya sake fere fuskar dutsen niƙanta. Ta sayi sabon kasko da sabon ludayi, ta wanke kicin ɗin tun daga rufi har ƙasa. Sana'ar yajin ma ta bar ta, domin da man riɗi ake yi.

Ni aka naɗa mai ɗanɗano, kuma na sha wuya. Ta farko ta warwatse a kasko ta zama fate, domin ba garin chana da zai riƙe ta. Ta biyu ta riƙu, amma da ita da tafin takalmi ba bambanci. Na ce, "Jasuben, wannan ki ajiye, in ƙafar teburina ta gutsure zan zo in karɓa." Ta ce, "Ci ka yi shiru, bakin da bai biya ba ba ya zaɓe." Sai da ta gano ɗanyar ayaba in an dafa an daka da zafinta tana kama garin tamba tsam, sannan abin ya tsaya da ƙafarsa. Ranar na cinye uku ban yi magana ba, ta ce ashe dai akwai abin da ke rufe mini baki.

Girki ya samu, saura mai ci. Nan ne Jasuben ta yi abin da babu wata mace a lungunmu da za ta iya. Ba ta roƙi Rutvi ba. Ba ta ce don ni ba, ba ta ce loma ɗaya ba. Kullum bayan makaranta ta zaunar da ita a kujera 'yar tsuguno a kicin, ta nuna mata komai tun yana ɗanye: ga ayaba, ga kabewa, ga gishiri, ga man shanun da na narka da kaina. Ta soya a gabanta, ta ajiye a ganye kusa da ita, ta ɗauki tata ta ci tana hira da kyanwa. In yarinyar ba ta taɓa ba, sai ta kira ni in zo in kwashe. Abu ɗaya ta gaya mata, kuma a gabana ta faɗa: "Abin da ke cutar da ke ba zai ƙetare wannan dokin ƙofa ba muddin kina ci a gidan nan. Ba a kwanon kowa ba, ba a hannun kowa ba."

An ɗauki lokaci a haka. Sai wata rana da yamma, na zo kwasar rabona, na tsaya cak a bakin ƙofa. Rutvi ta ɗauki bogar da hannu biyu. Ta kai ta kusa da hanci. Jasuben ta juya baya tana goge kaskon da ya riga ya bushe.

A daidai wannan lokacin muka ji muryar Savitaba.

Savitaba, wadda muke kira Ba, wato kaka, ita ce babba a matan lungunmu, wadda ba a ɗaura aure ko a yanke cibiya ba da saninta ba. A makon ne aka haifa mata jika namiji bayan dogon jira. Ga ta nan da kanta, ba aike ba, tana dogara sanda, ɗauke da kwano cike da alawar garin chana, man shanu yana ƙyalli a kai. Tun kakanninmu kwano ke yawo tsakanin gidajen lungun nan. In an kawo maka ka karɓa da hannu biyu, in za ka mayar ka zuba wani abu. Ana iya faɗa da maƙwabci a daina gaisawa, amma ban taɓa jin an mayar da kwano da abin da ya zo da shi ba.

"Jasu! Fito ki karɓi zaƙin jikana!" Tana magana tana ɗaga ƙafa za ta shigo.

Na ga idon Rutvi ya sauka a kan kwanon. Hannunta ya fara sauka daga bakinta.

Jasuben ta taso ta tsaya a tsakiyar ƙofa, ta haɗa tafukanta. "Ba, Ubangiji ya raya shi, ya sa ya ga jikokinsa. Amma kwanon nan ba zai shiga ba."

"Me kika ce?"

"Akwai chana a ciki, Ba. Ga yarinya nan za ta ci abinci."

"To wa ya ce ki ba ta? Karɓi ki ɗora a kan kanta, ke ki ci abinki anjima."

"Ko a kan kanta ba zai zauna ba. Ki yi haƙuri."

Matan da ke bakin famfo duk sun juyo. Savitaba ta dube ta sama da ƙasa. "Ni na wanke gawar surukarki da hannun nan. Yau shi ne ba zai miƙo miki abinci ba?"

Hawaye na gani a idon Jasuben, amma ba ta gusa ba. Savitaba ta juya da kwanonta, sandarta tana buga ƙasa har ƙarshen lungu. Jasuben ta turo ƙofa, ta dawo ta zauna, ta ce wa kyanwa, "Ina muka tsaya?" Rutvi ta dubi ƙofar da aka rufe, ta dubi Masi ɗinta. Sai ta gatsa. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta jira ta ji ko maƙogwaronta zai shaƙe. Bai shaƙe ba. Ta sake gatsa. Na fita da sauri na koma shago, na ce ƙura ce ta shiga mini ido, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Jasuben ta biya kuɗin wannan lomar da sunanta. 'Yar gidan Brahmin ce, asalin da a da ba sa cin abincin hannun na ƙasa da su, don haka kafin gari ya waye an gama yanke mata hukunci: tsohon girman kan asali ne ya motsa, hannunmu take ƙyama, yarinyar hujja ce kawai. Dutsenta daban, kaskonta daban, ba ta karɓar mazubin kowa, me kuma ake nema? Bhavna ta bi gida gida tana bayani, ana ce mata, "Gyaɗa ce za ta kashe mutum? Mu da aka yaye mu da ita?" Kwanuka suka daina zuwa ƙofarta. Bikin fitilu ya zo, kowane gida ana shiga ana fita da zaƙi, ƙofarta kaɗai ba wanda ya ƙwanƙwasa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ce mata, "Ki je ki ba Savitaba haƙuri mana, ki karɓi kwano ɗaya ki zubar a ɓoye." Ta ce, "Yarinyar nan ido gare ta. Ranar da ta ga kwano ya shigo, ta daina ci kenan. Ni zan iya zama ba kwano, ita ba za ta iya zama ba ci ba."

Rutvi ta murmure, kumatu suka dawo, ta fara tafiya makaranta da bogarta a ganye, har 'yan ajin suna neman musaya tana hanawa. Labari ya bazu ta bakin iyaye a layin asibiti. Aka kawo yaron da alkama ke sa shi gudawa. Aka zo daga Anand, aka zo daga ƙauyuka. Sumatilal mai kantin yadi, wanda addininsa na Jain ya hana shi duk abin da aka tono daga ƙasa, jikansa ya dame shi da zancen boga, ya zo yana sunkuyar da kai ya tambaya ko akwai wadda ba dankali, ba albasa, ba tafarnuwa. Ta ce, "Sumatikaka, citta kawai zan cire, sauran da ma naka ne." Ta ware masa kasko. Kowa ya zo sai ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi kamar alƙali, kuma in ba ta tabbatar da abu ba sai ta ce, "Wannan ban sani ba, koma ka tambayi likitanka." Ba ta taɓa cewa ɗan kaɗan ba ya komai ba.

Savitaba kuwa ta yi shekaru ba ta kalli ƙofar ba. Sai wani bikin filfilo ta hango Rutvi a kan soro tana tsalle tana ihu ta tsinke zaren wani, ta tambayi wace ce wannan ƙatuwar, aka gaya mata. Bayan kwana biyu na gan ta tsaye a ƙofar Jasuben da kwano fayau, takardar shago ma ba a ɓare ba.

"Jasu! Sabo ne, ko ruwa bai taɓa shi ba. Zuba mini abin nan naki in ji me ake yi wa hayaniya."

Jasuben ta karɓa da hannu biyu. Savitaba ta ci a tsaye, ta goge baki, ta ce, "Gishiri bai ji ba." Iyakar haƙurin da ta bayar kenan har ta bar duniya, kuma Jasuben ta ce ya ishe ta.

Jasuben, na san za ki ce wa ya aike ni. Ba wanda ya aike ni. Ke ce kika tsaya a ƙofa ranar da in mu ne da duk mun matsa gefe. Ke ce uwar waɗanda ake mantawa da su in an zo rabon abinci a biki. Kin koya mana cewa wani lokaci ƙauna ita ce ka janye hannunka daga bakin mutum, mu da muka tashi muna ganin ƙauna sai an cusa. Na gode, Bhavna ta gode, iyayen da ba su san yadda ake rubutu ba su ma sun gode. Ku kuma masu karatu, in yaro ya ce muku abu kaza yana cutar da shi, ku yarda. Kada ku rantse masa, kada ku ce ɗan kaɗan ne. Ku tambaya me zai iya ci, ku wanke kasko, ku dafa masa. Bhavna da wasu iyaye biyu sun karɓi aikin, dutsen ma ya ƙaura gidanmu, yanzu a ƙarƙashin gadona zai riƙa gurnani.

Ranar Lahadi lungu ya shirya mata 'yar walima a tsakar titi, domin ta ce cikin gidanta dai a'a. A karon farko cikin shekarun nan kwanuka suka yi layi a gabanta. Ni na aika har Bharuch aka kawo mini gyaɗar nan mai gishiri da ake soyawa a yashi, wadda ta fi so a duniya. Na cika kwano na ajiye a gabanta. Na ce, "To, an yi ritaya. Bisa wannan ba ki da sauran hujja."

Ta sunkuya ta shaƙi ƙamshin ta lumshe ido. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Sai ta ce, "Rutvi fa?"

Rutvi yanzu malamar makaranta ce a Vadodara. Na ce, "Jirgin yamma za ta biyo."

Ta tura kwanon da bayan hannu ya dawo gabana. "Cinye abinka. In ta zo sai ta ce in ba ta loma da hannuna."

"Haba, Jasuben! Ba sai ki wanke hannu ba?"

"Muddin tana ci a gidan nan na ce mata, Dinkarbhai. Ban ce sai ranar da na gaji ba."

Da yamma Rutvi ta iso da jakarta a kafaɗa. Ta sunkuya ta taɓa ƙafafun Masi ɗinta, ta zauna a kujerar nan 'yar tsuguno da ta yi mata kaɗan. Jasuben ta gutsuro bogar ƙarshe da ta soya, yatsunta a lanƙwashe, ta kai mata baki. Yarinyar nan har yau ko a gidan uwarta ba ta cin abu sai ta tambayi me ke ciki. Ta rufe ido ta buɗe baki, ba ta tambaya ba.